Jan Tauraron Malam

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, na samu aikin akawu a ofishin safiyo a nan Kaduna. Ina da keke, ina da gajeren wando da doguwar safa, ga Turancin da bai cika cokali ba amma nake ji da shi kamar a gidanmu aka ƙirƙiro shi. Gidan namu yana Kurmin Mashi, inda mahaifina yake karantarwa a zaure. Ban da Alƙur'ani da fiƙihu, Malam mutum ne mai son taurari. Yana da wasu takardun ajami a cikin gafaka, duk abin da ya lura da shi a sama sai ya rubuta.

Wata rana da damina na zo gida da abokina, wanda muke tebur ɗaya a ofis. An yi ruwa da la'asar, sama ta washe. Muna idar da sallar magariba a ƙofar gida, da mu da maƙwabta, sai abokina ya nuna kudu ya ce, "Allah gafarta Malam, wancan jan fa?"

Malam ya ji daɗin tambayar, har ya gyara zama. Ya ce taurarin nan masu lanƙwasa su ne Kunama, jan da ke tsakiyarsu kuma shi ake kira Ƙalbu.

"Ni dai a ganina tsohuwar wuta ce," in ji shi. "Ka je maƙera ka tsaya. In ƙarfe ya sha zuga fari yake yi, sai ya fara hucewa yake komawa ja. To wannan bai kai fararen zafi ba. Kuma wutar da ta huce amma ake hango ta daga nesa haka, ai ba ƙarama ba ce. Allah ne masani."

Da na yi shiru, da an tashi lafiya. Amma a makon nan an aike ni gidan Baturen ofishinmu da fayil, kukunsa ya nuna mini kawunan famfo biyu, mai ja na ruwan zafi, mai shuɗi na sanyi. Wannan ne kaɗai ilimin da na riƙe, da shi kuma na tunkari mutumin da ya shekara arba'in yana kallon sama.

Na yi dariya na ce, "Haba Malam, a daina faɗin wannan a gaban mutane. Ja ai shi ne zafi, ko a famfon Turawa haka yake. Su da suke da madubin hangen nesa ba su sani ba, sai maƙeri?"

Abokina ya sunkuyar da kai, wani maƙwabci ya hau jan carbi da sauri. Malam ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "To, ashe haka ne. Allah ya ƙara sani." Ya ɗauki butarsa ya shige.

Daga ranar ban sake jin ya yi zancen tauraro ba. Mahaifiyata ta ce mini, "Kai, ka je ka ba Malam haƙuri." Na ce, "Inna, gaskiya na faɗa." Ta ce, "Ko gaskiya ce, ai ba a tsakar mutane ake yi wa uba gyara ba."

Bayan kamar shekara guda aka sa ni cikin masu koyon awo, domin a lokacin da taurari 'yan safiyo suke daidaita alƙibla. Ranar da malaminmu ya zo kan Kunama, sai na ji kamar Malam ne yake magana da Turanci. Ya ce jan tauraron bai kai rana zafi ba, shi ya sa yake ja. Ya ce ya tsufa ya kumbura, girmansa ya ninka na rana har ba a magana. Misalin da ya kawo kuwa, ƙarfe a wuta. Abokina yana gefena, bai ko kalle ni ba.

Kullum sai in ce yau zan faɗa wa Malam. In shiga zaure, in gaishe shi, sai in ce bari sai gobe. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har wata biyar. A na shida Malam ya kwanta ciwon kwana uku, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyata ta miƙo mini gafakar. Na buɗe na samu shafin Kunama, ya zana ta da tawada, Ƙalbu da jan ɗigo. Bayaninsa yana nan yadda ya faɗa mana, amma ya ja layi a kai ya soke. A gefe ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Na yi kuskure a nan. Yaron gidan nan ya gyara mini, ya fi ni sani."

Da zagina ya yi, da tuni na warke. Na yi shekaru ina aikin safiyo, na koya wa mutane da yawa abin da ya sa tauraron nan yake ja, kuma duk wanda ya yaba mini sai in ji kunya ta kama ni, don na san wanda ya riga ni faɗi. Har yau in damina ta yi sama ta washe, ba na son duban kudu. Takardar tana wurina. Sau da yawa na ɗauki alƙalami don in gyara, sai in ajiye, saboda wanda ya kamata ya ga gyaran ba ya nan.