Injin da Ya Tsaya a Zinder

Tun da muka dawo daga jana'izar Mushe Habu, wato Malam Habu da Faransanci, ranar da soja suka shigo biro ɗinmu, ofishinmu na unguwar Plateau a babban birni, take ta dawo mini. Lokacin babban fari ne, a tsakiyar shekarun tamanin. Ni mai buga alƙaluma ce a ordinata, wato inji mai ƙwaƙwalwa, shi kuma yake rubuta umarnin da injin ke bi wajen raba hatsin agaji.

Ga yadda aikin yake, don ku yara ku gane. Ana jera sunayen yankuna wuri guda, sannan a ce wa injin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da rabon kowa. Mushe Habu ya rubuta: fara daga Agadez, tsaya a Zinder. Jerin haruffa ne, kuma Zinder ce ta ƙarshe.

Da makiyaya suka yi sansani a arewacin babban birnin, aka ba da umarni a saka su cikin jerin. Mushe Habu yana hutu. Wanda ya riƙe masa aiki ya ƙara sunan a bayan Zinder, yadda muka saba sa sabon zuwa a ƙasan takarda. Injin ya kai Zinder ya tsaya. Kamiyon ɗaukar hatsi bai je sansanin ba, kuma an binne yara.

Kapitan ɗin da ya zo bincike da sojansa bai zauna ba, ya tsaya a gaban Mushe Habu.

"Kai ɗan ina ne?"

"Damagaram, mon kapitan."

"Wato Zinder. Inji ya ciyar da garinku, sai ya ƙoshi?"

Mushe Habu ya buɗe takardar umarnin yana nuna layin da yatsa. Kapitan bai duba ba, fuskokinmu yake kallo. Ya juyo gare ni: "Ke fa, madam? Maradi ko? Duk kun taru nan."

Na ce ni bugawa kawai nake yi. Gaskiya ce.

Suka tafi da Mushe Habu. Daga ranar kowa ya daina magana in wani ya shigo. Ko mai shayin bakin ƙofa sai da muka fara zarginsa da kai wa soja rahoto.

Bayan an sako shi, ya rame, amma ya zo aiki. Bai tambayi wanda ya ƙara sunan ba. Ya gyara umarnin: injin ya bi duk abin da ke cikin jerin har ya ƙare, ba sunan gari a bakin iyaka. Ya ce mini a hankali, "Hadiza, duba mini ko makiyaya sun fito." Sun fito.

Abin da na koya shi ne, inji ba ya sanin an bar wani a baya, mai bindiga kuma ba ya yarda kuskure ne. In kun ƙara suna a jeri, ku tsaya har ku ga ya fito a takarda. Allah ya jiƙan Mushe Habu.