Gilashi Ne Ke Haɗa Su

Munsanje wanzami ne a Siavonga, bakin tafkin Kariba, amma idan kana son ya ɓata maka aski to ka tambaye shi zancen kyamararsa. Ta hannu ya saya, mai dogon gilashi kamar taɓarya, irin wadda ke jawo abu daga nesa har ka ga gashin idonsa. Bangon shagonsa duk hotuna ne: dorina, mikiya da kifi a ƙafa, da wata giwa da ta yi kamar za ta taka mai sayar da tumatir.

"Wannan matar ta rayu kuwa?" in ji duk baƙon da ya gani.

Sai Munsanje ya yi dariya. "Tsakaninsu ya fi filin ƙwallo. Gilashi ne ke haɗa su." Ya maimaita wannan magana har masu zuwa aski suna ƙarasa masa ita.

Da 'yarsa Luyando za ta tafi karatu Lusaka, ta bar masa amanar ɗan karenta, Kapenta, ƙanƙane kamar kifin da aka sa masa sunansa. Sharaɗinta ɗaya ne, kowace Lahadi a tura mata hotonsa.

Wata Lahadi da la'asar ya hau dutsen da ke kallon tafkin, matarsa Nchimunya na biye da shi tana mita. Kapenta ya zille ya gangara bakin ruwa. Munsanje ya kafa kyamara, ya rufe ido ɗaya.

Haske ya yi kyau. Karen ya tsaya, harshe waje. A bayansa, kan ruwan, idanu biyu suka ɓullo.

"Baban Luyando, wancan icce ne?"

"Kada ne," ya ce a hankali, cike da murna. Shekara da shekaru yana neman irin wannan hoto.

"Kada? Kira karen nan!"

"Yana can nesa, Maman Luyando. Gilashi ne ke haɗa su."

Ya danna. Idanun suka ƙara girma. Ya sake dannawa.

"Ni ba gilashi a idona, malam! Ina ganinsu tare!"

Ya ji ta sarai, amma maganar ba ta shige shi ba sai da yatsansa ya ƙara dannawa sau ɗaya. Sannan ya ɗago kai ya buɗe ɗaya idon. Babu wani filin ƙwallo. Ko tsawon tabarma babu.

"Kapenta!"

Karen ya juyo wajen muryar, ya ba ruwa baya. Ruwan ya tsage. Kafin Munsanje ya gangaro, yana tuntuɓe, kyamara na dukan ƙirjinsa, ba abin da ya rage sai sawu a laka.

Nchimunya ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Suna hanyar gida wayarsa ta yi ƙara. Luyando ce.

"Baba, yau ka makara. Ka ɗauke shi kuwa?"

Ya kalli bayan kyamarar. Tunda yake bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba.

"Na ɗauka," ya ce.

"To turo min mana."