Ƙaguwar da ke Jikin Dutsen Taimama

A shekarar da rijiyoyin ƙauyenmu na kusa da Bagwai suka ƙafe, samari duk suka watse ci-rani. Wanda nake so ya tafi ƙasar Sakkwato fasa farin dutse. Ni kuwa ina gida ina karanta littattafan soyayya na aro, ina jiran ya dawo mini da zobe da turare kamar yadda ake yi a cikinsu.

Ya dawo a rame. A zaure ya miƙo mini wani dutse da bai cika tafin hannu ba.

"Tsarabar ke nan?" na ce.

"Ɗan jiƙa shi ki gani."

Na shafa masa yawu. Sai ga siffar wata halitta ta fito, da ƙafafu a jere. Ya ce wani mai binciken ƙasa ne a wurin aikinsu ya koya masa ganewa: a duba gaɓoɓin, a ga ko dama da hagu sun yi daidai, don tsagar dutse ba ta yin haka. Wai ƙaguwar teku ce, ta mutu tun wurin yana ƙarƙashin ruwa.

"Teku a Sakkwato? Lallai ka sha rana."

Ya yi dariya. Gero bai yi ba, don haka bayan sati biyu ya koma. Ban sake ganinsa ba, ko saƙo ban samu ba. Dutsen nan kaɗai ya rage mini.

Kakata tana kwance ba lafiya a lokacin, ɗan ruwan da muke samu kuma na sha ne. Wata rana ta gan shi a hannuna, ta karɓa ta shafa.

"Ke ja'ira, kina da dutse mai laushi haka kika bar ni ina taimama da bango?"

"Iya, akwai ƙaguwa a jikinsa."

"To ta cije ni mana."

Sau biyar a rana take dafa shi. Farin dutse ba shi da ƙarfi. Ina kallo ƙafafun suka fara shafewa ɗaya bayan ɗaya. Na samo mata wani a bakin rafi, ta ce yana cin hannu. Na mayar mata da nawa, na koma bayan ɗaki na yi kuka.

Bayan ta rasu na ɗauke shi daga gefen tabarmarta. Ya yi sumul kamar sabulu, babu ko layi ɗaya. Wata maƙwabciya mai jinyar mijinta ta roƙa, na ba ta.