Barcin Sifana

A tashar tura ruwa da ke bayan gari ba mai kiransa da sunan yanka. Ido-biyu ake ce masa, har manyan ofis. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da injuna uku a aikin dare, cikin wani dogon ɗaki mai daɓen siminti da warin baƙin mai. A ido aikin ba wuya: ka duba allurar agogo, ka dafa jikin inji ka ji zafinsa, ka kasa kunne. Amma in inji ya tsaya ba a farga ba, rabin gari zai tashi ya tarar da famfo a bushe.

Ranar da ya fara, tsohon da zai gada ya koya masa dabarar 'yan tashar. Ka zauna a benci, ka jingina da bango, ka riƙe babbar sifana ta kwance noti, ka saki hannun yana reto, sannan ka rufe ido. Muddin gyangyaɗi ne, sifana tana hannu. Da barci ya fara nauyi yatsu za su saki, ƙarfe ya daki siminti, ka zabura. Barcin sifana suke kiransa.

"Barci ɓarawo ne, yaro," in ji tsohon. "Wannan ce ƙararrawar da za ka rataya masa."

Ya ƙware har ya fi malaminsa. Da tafiya ta yi tafiya, kafin ma sifanar ta suɓuce yake farkawa ya cafke ta. Kunnensa kuwa ya san muryar kowane inji kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Duk wanda dare ya gundura, shi yake roƙo su yi musanya, bai kuma taɓa cewa a'a ba. Dogo, abokin aikinsa mai karɓarsa da safe, yakan ce, "Kai ko kifi ya fi ka runtsawa." Shi kuma ya daki ƙirji ya ce, "Barci na ragwaye ne. Ni da shi gaisuwa ce daga nesa."

Gidansa ɗaki biyu ne a saman shagon wani mai walda. Matarsa tela ce, kekenta na falo gefen taga, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa da gyare-gyare. In ya dawo da safe ya karya, sai ya miƙe a doguwar kujera kusa da ita, tana taka keke yana lumshe ido, sa'a biyu, wani lokaci uku. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin barci ba. In ta ce, "Maigida, ka yi minshari fa," sai ya ce, "Sharri! Ido kawai nake hutarwa."

Amma jiki magayi. Ƙeya ta fara yi masa nauyi da hantsi. Ya zama mai saurin hasala, shi da a da sai an tone shi. Zai aiki autarsu kanti, kafin ta sa takalmi ya manta abin da ya ce ta sayo. Wata rana ya tsinci kansa tsaye gaban inji na biyu, hannunsa a kan makunni, bai san kunnawa ya zo yi ba ko kashewa. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Sai ga gwajin lafiya na shekara, da sabuwar likita a asibitin ma'aikata, yarinya ce sa'ar babbar 'yarsa. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta sa ya miƙa hannuwa, ta ga yatsun suna rawa.

"Baba, sa'a nawa kake barci?"

Ya yi dariya. "'Yata, tambayi sunana a tasha."

Ba ta yi dariyar ba. Ta ajiye biro ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce a cikin barci mai nauyi ne zuciya ke sassauta gudu, jini ya sauka, jijiyoyi su huta. A nan ƙwaƙwalwa ke share dattin yini ta adana abin da ya kamata a tuna. A nan jiki ke gyara abin da ya lalace, ya daidaita sukari, ya ƙarfafa garkuwa. Babban mutum yana bukatar sa'a bakwai ko takwas. Da ya ba ta labarin sifana, yana tsammanin yabo, sai ta dube shi ta ce:

"Wato duk lokacin da jikinka ya kai bakin ƙofar hutu, sai ka ja shi baya. Shekara ashirin da shida."

Shi bai taɓa jin haka ba. Ya san inji yana son a kashe shi ya huce, shi ya sa ma suke uku. Bai taɓa kawo wa ransa ba cewa shi ɗaya ne, babu na canji.

Ta ba shi magani da hutun mako biyu. Ta ce in ya dawo jinin bai sauka ba, hannun bai daina rawa ba, ba za ta sa hannu ya koma gaban injuna ba. Ritaya ke nan.

Da ya faɗa a gida, matarsa ta tashi tsaye kamar za a yi yaƙi. Ta ɗinka baƙin labule mai kauri ta rufe tagar ɗaki. Ta sauka ta roƙi mai walda ya riƙa jan aikinsa can bakin titi. Ta hana auta kunna rediyo, ta sa wa ƙofa mai don kada ta yi ƙara. Sannan ta lulluɓe kekenta da zane, ta ce wa masu kawo ɗinki su yi haƙuri sai bayan mako biyu. Gidan ya yi tsit, ko cokali aka ajiye sai an ji.

Shi kuwa ya kwanta a katifa, ido ƙyar a rufin ɗaki. A tasha shiru ma'anarsa ɗaya ce: inji ya tsaya. Da barci ya fara ɗaukarsa sai shirun ya doke shi a ƙirji, ya zabura zaune, zuciya na dukan uku-uku, hannun dama na lalubar ƙarfen da babu. Ya gwada da dare, ya gwada da rana, duk kanwar ja ce. Amma da ya ga irin ɗawainiyar da ake yi dominsa, ya ga auta tana tafiya da sanɗa a gidan ubanta, sai kunya ta hana shi magana.

"Ka samu barci, Maigida?"

"Alhamdu lillahi. Kamar gawa."

Dogo ya zo dubiya a rana ta tara, ya dube shi ya ce, "Kai, wannan hutu ne ko jinya? Idonka kamar an zuba barkono." Matar ta ɗora yatsa a leɓe, ta raka shi matakala tun bai gama shan ruwa ba.

A rana ta goma sha uku wata maƙwabciya ta zo da rigar makarantar 'yarta da ta yage, tana magiya. Matarsa ta leƙa ɗaki ta ga idonsa biyu, ta ce, "Minti biyar kawai, ka yi haƙuri." Ya fito falo ya zauna a doguwar kujera don ya sha iska. Ta yaye zane, ta ɗora ƙafa. Keke ya ɗauki kiɗinsa, kir-kir-kir, bai sauya ba, bai yanke ba. Kafin ta kai ƙarshen layin ɗinki kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe.

Da ta waiga ta gan shi, tausayi ya kama ta, ta ɗauke ƙafa don kada ta tashe shi. Nan take ya miƙe zumbur.

"Wanne ya tsaya?"

Suka kalli juna, sannan suka kalli keken. Ita ta fara ganewa. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni! Kwana goma sha uku ina hana ka barci da hannuna? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ni ma ban sani ba," ya ce. Wannan karon gaskiya ya faɗa.

Ta zare zaren, ta cire allura, ta shiga taka keken babu komai a ƙarƙashinsa. Ta taka tun bayan azahar har ƙafafunta suka kumbura, auta ta karɓe ta, ita ma ta taka har ta gaji. Ya yi sa'a huɗu, a gutsuttsure, don duk bayan ɗan lokaci yatsunsa sukan damƙe iska ya farka. Duk da haka da ya tashi ya ji kansa sakayau, ya ji ƙamshin sabulu a rigarsa, ya tuna sunan wani abokin makaranta da ya shekara yana nema. Ya zauna yana mamaki. Ashe haka sauran mutane ke tashi kullum.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Washegari likita ta ɗaura abin awo, ta duba, ta sa ya miƙa hannuwa. Ya ba ta labarin keke da sauri, yana roƙon ƙarin mako ɗaya. Ta ce ta yarda da shi, ta ce ya ci gaba da hakan ko don ransa. Amma abin da ta gani ba na mako ɗaya ba ne, ba kuma na wata ɗaya ba, ba za ta bar shi shi kaɗai da injuna uku ba. Ta rubuta abin da za ta rubuta.

Ya je tasha kwashe kayansa. Dogo ya rasa abin tsokana, sai ya miƙa masa tsohuwar sifanar ya ce ya tafi da ita. Ido-biyu ya juya ta a hannu, ya ajiye a kan benci.

Yanzu yana gida. In akwai ɗinki yakan samu sa'a ɗaya ko biyu a doguwar kujera. In babu, matar takan taka masa keken haka nan, sai dai gwiwoyinta sun fara ciwo, shi kuma yakan ce ya ƙoshi tun bai fara ba. Sai ta lulluɓe keken ta shiga kicin. Yakan zauna jingine da bango, hannun dama na reto a gefen kujera, yatsun a dunƙule, yana sauraron famfon da ke ɗiga a banɗaki don ya san ko har yanzu ana tura ruwa.