Tarwaɗar Ɗan'inna

Ɗan'inna masunci ne daga bakin Tafkin Cadi. Ya zo aikin Hajji a 1993, Allah Ya zaunar da shi a Madina, garin da ko rafi babu. Aikinsa kula da gonar dabinon Abdussamad, jikan Kanawa haifaffen unguwar Bani Harisa, wanda rabin Hausarsa Larabci ne. A gonar akwai birka, babban tankin siminti na ban ruwa, inda maigidan ya zuba jajayen kifayen ado don baƙi.

Shekara tara lafiya lau, sai kifayen suka sauya hali. Su cure a kusurwa ƙarƙashin famfo, ko an watsa abinci ba mai tasowa.

"Ya Ammi, esh hada? Baffa, mene ne wannan?" in ji Abdussamad. "Kai ne masunci. In Juma'a ta zo ba sa yawo, halas, zan nemi wani."

Ɗan'inna ya yi fakon mage, bai ga mage ba. Ya sauya abinci. Ya zargi bakin baƙi, ya tofa addu'a a ruwan. Kifaye ko gezau.

Ran Laraba matarsa Zenabu ta tarar da shi a bayan ɗaki yana hira da tarwaɗar da wani direba ya kawo masa daga Jidda. A cikin duro yake kiwonta, don ita kaɗai ke tuna masa gida.

"Malam, ruwan wannan 'yar lelen taka, in ka sauya, ina kake zubarwa?"

"Zubarwa? A Madina? Ni ba almubazzari ba ne. A birka nake juye..."

Sai ya tuna. Tun yana yaro babansa ya gaya masa: ƙaramin kifi ba sai ya ga tarwaɗa ba, warinta a ruwa ya ishe shi. Wata biyu ke nan kullum safiya yana aika musu gaisuwar dodo a bokiti.

"To, maganinta a jefa ta tukunya," in ji Zenabu. "Ina da daddawa."

"Ajiye daddawarki. Dabino ba shi da hanci."

Ya yashe birka, ya cika ta da sabon ruwa, na duro kuwa ya koma gindin dabino. Ran Juma'a kifaye suka fito suna yanga, Abdussamad ya ce masha Allah, bai tambayi dalili ba.

Tarwaɗa ta ƙara shekara huɗu a duro. Kullum Zenabu ta wuce, sai ta leƙa ta ce, "Ta yi ƙiba fa, Malam."