Baba Seidu a Kan Buhun Fulawa

Wata Laraba ce a damunar 1986. Ruwa ya ɗauke da hantsi, tsakar gidanmu na unguwar Maamobi a Ghana ta cika da hayaƙin garwashi da ƙanshin mai, ni kuma ina tsugune gaban baho ina wanke buhunan fulawa guda biyu. Mma, mahaifiyata, mai suyar bofurot ce, fanken nan na Ghana mai kama da ƙwallo, kuma buhun fulawa a gidanmu ba abin yarwa ba ne. Da shi ake zanin gado, da shi ake labulen ƙofa, har ɗan kamfai da shi ake ɗinka mana. Shi ya sa da ƙanenta, Kawu Iro, ya roƙe ta guda biyu, ta dube shi ta ce, "Ɗauka. Amma in ka ɓata su, kai za ka kwana a kan siminti." Na yi ta cuɗa su har ruwan ya koma fari kamar madara, na shanya a igiya, ina kallon tururi na tashi daga jikinsu cikin rana.

Kawu Iro mai fenti ne. Yana rubutu a jikin manyan motoci, yana zana kawuna a allon masu aski. Yana cikin mutanen da aka koro daga Legas 'yan shekaru kafin nan, kuma tun da ya dawo aiki bai zauna masa ba. Akwai wata jaka a ƙarƙashin gadonsa wadda kullum a ɗaure take. Ya sha faɗa wa Mma cewa in abin ya ƙi, zai bi motar albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa arewa, daga can ya nemi hanyar Libiya. Duk sanda ya faɗi haka sai Mma ta juya baya ta kama fifita wuta, ko da wutar na ci. Ni kuwa ba na so ya tafi, domin shi ne yake karɓar mini bokiti a hanyar famfo, shi ne ya koya mini zana tsuntsu a ƙasa da tsinken tsintsiya.

A shekarar ne wani Bra Kwesi ya buɗe ɗakin bidiyo a bayan gidanmu, benci-benci da talabijin guda a kan tebur. Ya ce wa Kawu ranar Juma'a za a kawo masa kaset ɗin wani fim ɗin 'yan Sin daga Madina, wata unguwa a gefen garinmu, yana so a zana masa hoton talla a buhu, a rataya tun ranar Alhamis. In ɗaki ya cika, aikin ya zama na Kawu kowane mako. In bai cika ba, akwai wani mai zane a cikin gari da yake jira. Matsalar ita ce kaset ɗin bai iso ba, Kawu bai ga fim ɗin ba, ko kwalinsa bai gani ba. Sai ya shiga unguwa neman wanda ya kalla a Madina, ya samo mutum biyu: Awudu, yaron motar haya, siriri kamar sanda, da Baba Seidu mahauci, wanda ya je can gaida surukinsa ya leƙa.

Bayan La'asar suka zauna a tsakar gidanmu, Mma ta riga ta haɗa buhunan da zare, Kawu ya kafa su a jikin bango. A kan ƙashin labarin dai sun yarda: wani saurayi da wani mai ƙiba da wata yarinya mai lema suna neman akwatin dukiya a kogon dutse, 'yan fashi na biye da su. Daga nan kuma sai ka ce ba abu ɗaya suka kalla ba. Awudu ya ce, "Cale, abokina, faɗa ne zalla! Mutum ya tashi sama ya mari mutum biyar kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa." Baba Seidu ya ce, "Rufe mana baki, ɗan nan. Wane faɗa? Ni tun da na zauna nake dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo." Awudu ya rantse takobin zinariya ne a cikin akwatin. Baba Seidu ya ce shi hawayen dariya ya hana shi gani, amma a ganinsa babu komai a ciki, an wahalar da bayin Allah ne kawai. Gardamar ta fara da Hausa, ta faɗa Twi, ta ratsa ta Ga da Turanci, ta dawo gida. Da baki ya kasa, sai jiki ya karɓa. Awudu ya haye turmin Mma ya tsaya a ƙafa ɗaya, hannuwa a buɗe kamar shirwa. Baba Seidu ya cafke kazarmu ya soke ta a hammata ya zagaya tsakar gida da gudu, tumbinsa na rawa, wai haka mai ƙiban ya tsere daga kasuwa. Kawu kuwa gawayi kawai yake gudu a hannunsa a kan buhun. Da aka zo kan yarinyar, sai ya miƙo mini lemar Mma ya ce in juya baya in ɗaga ta sama.

Washegari da na dawo daga makaranta na tarar da buhun a kan igiya yana shan iska. Na ajiye jakata na zauna a ƙasa. Duwatsu shuɗɗa sun tashi har sun shige gajimare, irin duwatsun da ban taɓa gani ba. Can ƙasa akwai akwati a ɗan buɗe, Kawu bai zana komai a ciki ba sai haske, da ragowar fentin rawaya na wata motar katako. Iska na kaɗa buhun, sai mutanen ciki suka fara motsi, saurayin ya miƙa ƙafa ya janye, kazar ta buɗe fuffuke. A sama kuma ga yarinya ta ba da baya, tana shawagi da lema a kan kwari. Ba a ga fuskarta ba, amma kitson nawa ne, da ɗan jan dutsen da ke kunnena. Mu 'yan mata ba a barinmu shiga ɗakin bidiyo, amma a ranar na yi tafiya mai nisa ina zaune, har sai da Mma ta kira ni sau da yawa kafin na ji.

Da yamma aka rataya shi a bakin hanya, kusa da babban kwalbati. Nan ne abin da mu a gida ba mu lura da shi ba ya fito fili. Kawu bai taɓa ganin ɗan Sin ido da ido ba, hannunsa ya bi abin da ke gabansa. Wata mai sayar da lemo ce ta fara ƙwalla ihu, "Wayyo, ga Baba Seidu ya saci kaza!" Kafin ka ce me, hanya ta toshe da masu dariya, yara sun ruga mahauta kai labari. Bra Kwesi ya dafe kai. Baba Seidu dattijo ne mai iyali, yana sahun gaba a masallaci, in ya ce a sauke, an sauke, kuma babu lokacin zana wani. Sai ga Baba Seidu ya taho, wuƙa tana hannunsa don bai tsaya ajiye ta ba. Mutane suka dare. Ya tsaya gaban buhun ya daɗe yana kallo, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Iro, ni ne wannan?"

"Hannu ne ya kuskure, Baba. Yanzu zan goge."

"Goge me? Wushiryata ka manta. Je ka ɗauko fenti."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mahauta suka zo ɗakin bidiyo a jere, yaran mota suka biyo Awudu, har a kan taga aka zauna. Mu 'yan mata kuma muka koma bayan bangon ɗakin muna wasan ampe, muna tafi muna tsalle, da an fashe da dariya a ciki sai mu tsaya cak mu kasa kunne. Muna jin ƙarar naushi da wani kiɗa siriri kamar ruwa na ɗiga a kwano, sauran kuma kowace ta ƙarasa a ranta. Da aka fito, babu wanda ya wuce gida. Wani tsohon maigadi Bazabarme ya ce tashi saman ƙarya ne, amma gudun da kare ya sa su gaskiya ne, shi ma ya taɓa yin irinsa. Wani tela ya ce shi ɗinkin rigunansu kawai ya yi ta kallo. Mahauta suka ce mai ƙiban fim ɗin ya yi ƙoƙari, amma bai kai nasu ba. Maganar akwatin kuwa, sai da ta kai mako ana yinta a wurin mai koko.

Kafin Magariba Bra Kwesi ya leƙo gidanmu, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Iro, wani kaset na tafe. Ka ce wa yayarka ta ajiye buhu." Kawu ya shiga ɗaki ya jawo jakar nan ya kwance ta, ya rataya rigunansa a ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Mma ta karɓi jakar ta zuba albasa a ciki. Bai sake maganar Libiya ba. A Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ya yi aure, a can ya tsufa.

Daga baya kasuwancin atamfa ya kai ni Lome da Kano da Jidda, har ƙasar Sin ɗin kanta, inda na tarar mutane suna tafiya a ƙasa kamar kowa, suna sauri su kama mota. Na shiga manyan gidajen kallo masu sanyi, inda ake zama shiru, a tashi shiru, kowa ya kama gabansa da abin da ya gani a cikinsa. Yanzu in na zo Maamobi, 'ya'yan ƙannena na kishingiɗe kowa da wayarsa, suna murmushi su kaɗai, in na tambaya sai a ce, "Ba komai, Hajiya." Hotonsu ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma mu a zamaninmu fim ba ya ƙarewa sai unguwa ta gaji da gardama a kansa.