Cakulan a Turmin Daddawa

Shekarata goma sha tara a lokacin, kuma rabin hankalina yana cikin littattafan soyayya da muke karɓa aro hannu da hannu. A cikinsu ban taɓa ganin budurwar da ta tarbi baƙi da fura a ƙwarya ba. Kullum tire ne mai sheƙi, da lemo mai sanyi, da wani abin gashi da ta yi da hannunta, a ɗanɗana a lumshe ido. Ni kuwa a gidanmu na Gusau murhun dutse uku muke da shi, da turmi ɗaya da ke yi wa Inna kowane aiki.

Bayan an ba mu jiha, ma'aikata suka cika gari, wasu mutanen Filato suka kama gidan da ke manne da namu. Kiristoci ne. Mijin yana aikin gwamnati, matar kuwa tana ɗinki a gida. Anti nake ce mata. Hausarta tangaram, sai dai ba irin tamu ba, takan yi dariya idan Inna ta ce mata "mi kika ce?" A wurinta na fara ganin biskit mai ɗigon cakulan. Tana da kukar gas mai wurin gashi a ƙasa, kuma ranar da ta kunna ta, ƙamshin bota da sukari yakan tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Sai in dinga ganin kaina a wani falo mai labule har ƙasa, ina miƙa faranti cikin yanga.

Akwai wanda ke nemana, malamin makaranta ne a Tsafe, amma iyayensa suna Bunguɗu. Da magana ta yi ƙarfi, aka aiko cewa gwaggonsa da yayarsa za su zo gaida Inna ranar Asabar. Kowa ya san ni za su zo dubawa. Inna ta ce za a yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ni na ce sai na ƙara da biskit.

Anti ta ji daɗi kamar ita za a zo gani. Ta auna mini fulawa da bota da sukari, ta ba ni ƙwai biyu, sannan ta ɗauko sandar cakulan da ƙanenta ya aiko mata daga Jos, ta raba biyu ta ba ni rabi. Ta ce in zo mu gasa a wurinta. Na ƙi. Ina so idan an tambaye ni in ce a gidanmu na yi, da hannuna. Ba ta ja ba. Ta nuna mini yadda take yi idan gas ya ƙare: a zuba busasshen yashi a babbar tukunya, a ɗora a garwashi har ya yi zafi, a jera ƙullun a murfin kwano a saka ciki, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a sama.

"Cakulan ɗin da wuƙa za ki yanka," in ji ta, "ƙanana kamar wake. Ki yi haƙuri da shi, ƙanwata, ba ya son gaggawa."

Ranar Asabar na makara wajen guga da kitso. Da na zo kan cakulan, ya kwana a gindin randa ya yi tauri, wuƙarmu kuma ba ta da kaifi. Na yanka uku, na huɗu ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Na waiga na ga turmi. Duk abin da ya yi taurin kai a gidanmu turmi ake kai shi, don haka ban yi wani tunani ba. Na goge cikinsa da tsumma, na jefa cakulan, na ɗauki taɓarya. Ban tuna cewa da safiyar nan Inna ta daka daddawa da barkono a ciki ba. Bugu biyar ya narke ya manne. Na kankare shi da cokali tas, har da abin da ya maƙale a tsagar turmin, na cuɗa a ƙullu.

Yashi ya yi aikinsa, ba su ƙone ba. Amma da na buɗe tukunya, sai ga su baƙi ƙirin babu ɗigo ko ɗaya, suna ƙamshin miyar kuka. Inna ta gutsuri ɗaya, ta tauna, ta yi atishawa sau biyu.

"Wanga a kawo mashi tuwo," ta ce, tana share hawayen dariya da bakin zane.

Ni kuka nake yi na gaske. Na yafa mayafi na ruga gidan Anti. Na iske ta ita ma gashi take yi da nata rabin, domin washegari za ta ziyarci 'yarta a makarantar kwana, yarinyar kuma ta daɗe tana roƙon wannan biskit. Na miƙa mata nawa. Ta shinshina, ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta juye duk wanda ta gasa a babban faranti ta ɗora mini a hannu.

"Je ki wanke fuska. Akwai sauran tire ɗaya a wuta, idan ya yi zan kawo miki."

Ban ko tambaye ta me za ta kai wa 'yarta ba.

Baƙi suka iso bayan azahar. Gwaggon dattijuwa ce mai kaifin ido, tana kallon mutum daga ƙafa zuwa ɗankwali. Bayan an ci tuwo na shigo da farantin, ina tafiya a hankali yadda na karanta ana yi. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Wanga baƙin abu da ke ciki, wake na?"

"Cakulan ne, Gwaggo."

Ta ci, ta ɗauki na biyu. Yayar ta ce tun da take ba ta taɓa cin irinsa ba, ko a Kaduna. Gwaggo ta dube ni.

"Ke kika yi shi, ɗiyata?"

Inna tana gefe tana gyara tabarma, na ji hannunta ya tsaya. Na ce ni na yi. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma daɗin kallon da suke yi mini ya ɗebe ni, na shiga ba su labarin yashi da garwashi, da yadda ake yanka cakulan ƙanana kamar wake, har na ce musu ba ya son gaggawa.

Ina cikin haka Anti ta yi sallama. Ta shigo tsakar gida riƙe da tire da tsumma saboda zafi, goshinta duk gumi, ga fulawa a gaban rigarta. Biskit ɗin da ke kai iri ɗaya ne sak da wanda ke gaban baƙi. Gwaggo ta dubi tiren, ta dubi farantin, ta dube ni.

"Maƙwabciyarmu ce," na ce da sauri. "Ita ma tana koyo. Ni nake nuna mata."

Har yau ina jin yadda maganar ta fita daga bakina sumul, babu ko gargada. Anti ta dube ni, kallo ɗaya gajere. Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya daga tiren, ta hura, ta tauna a hankali kamar alƙali.

"Ya yi, ba laihi. Amma bai kai na malamarki ba. Ki dage, yarinya."

"Zan dage, Hajiya," in ji Anti.

Inna ta ce mata ta zauna mana. Kujerar katako ɗaya ce a wurin, ni ce a kai, kuma ban motsa ba. Tsoro nake kada ta zauna hira ta yi tsawo. Anti ta juye biskit ɗin a faranti, ta ce ta bar abu a wuta, ta gaida baƙi ta fita.

Baƙi suka tafi suna sa mini albarka, har da ƙulla ragowar a leda don Malam, ɗan nasu. Inna ba ta zage ni ba. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Matag ga ta ba ki abincin ɗiyarta." Washegari na hango Anti ta ƙofar zaure za ta tasha, riƙe da robar cincin da ta soya a gurguje. Na koma da baya na laɓe.

Kwana shida ina zagaya ta bayan layi don kada in bi ta ƙofarta. Na ɗauki littafi na kasa karantawa, duk budurwar da ta fito da tire sai in ji kunnuwana suna zafi. A rana ta bakwai Inna ta miƙo mini farantin Anti cike da ƙosai, ta tsaya a zaure har sai da ta ga na shiga.

Na same ta a kan keken ɗinki. Ta amsa gaisuwata, ta jawo mini kujera, ta ci gaba da taka keken. Na zauna ina kallon ƙafarta. Na ce ta yi haƙuri, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Da kika ce ke kika yi, ban ji komai ba," ta ce. "Don haka na ba ki. Da kin raɗa mini ma, da na taya ki. Amma sau nawa na shiga gidanku? Kullum ke ce mai rugowa ki ba ni wurin zama. Ran nan kin bar ni tsaye da tire yana ƙona mini hannu."

Ta yanke zare da haƙori, ta juya rigar da take ɗinkawa.

"Kin gaya musu gaskiya?"

"A'a."

"Za ki gaya musu?"

Na tuna idon Gwaggo, na tuna an riga an fara maganar sa rana. Na sunkuyar da kai. Ta jira ni, ta jira sosai, ƙafarta a kan keken ba ta taka ba. Sannan ta gyaɗa kai, ta ce in gaida Inna, in ce ta gode da ƙosai.

Mun ƙara shekara guda muna maƙwabtaka kafin a yi wa mijinta canjin wurin aiki. Ba ta taɓa fasa amsa gaisuwata ba, kuma ita ta ɗinka mini kaya biyu na biki. Amma daga gaisuwa ba mu sake wuce gaisuwa ba, ni kuma ban taɓa gaya wa Gwaggo ba har ta rasu.